Tulun Hajja Fanne

Mai gyaran wuta ne ya fara lura. Ya shigo gidan marigayiya Hajja Fanne da ke unguwar Bolewa a Potiskum da hantsi, injin huda bango a hannunsa, ya tambayi inda tulun da aka ce ya huda yake. Aka nuna masa lungun zaure. Babu komai a wurin sai gurbi a cikin yashi, da faifan da ake rufe bakin tulun an jingine shi da bango.

Kafin rana ta take, unguwa ta ɗauka. Duk wanda ya tashi a Bolewa ya sha ruwan tulun nan. Kakar Hajja ce ta zo da shi daga wani ƙauye wajen Fika, baƙi ne wuluk, a wuyansa akwai shatin yatsun matar da ta gina shi. Hajja ta ajiye shi a zaure saboda masu wucewa, kuma ba ta zuba masa ruwa sai ta turara cikinsa da kajiji da busasshen ɓawon lemun tsami. Da ta rasu bara, ƙanwarta Inna Delu, wadda gidanta ke bayan nasu, ta ci gaba da yi masa wannan hidimar.

Sai ga ɗan Hajja, Alhaji Umar Faruk, ya dawo daga Abuja zai gyara gidan. Ya shimfiɗe tsakar gida da tayil, ya gina falo, ya ɗauko Muhsina daga unguwar Dogo Tebo, 'yar wasu 'yan kasuwa Kanawa, wadda sana'arta ke nan ƙawata gidajen mutane. A ganin Alhaji tulun ya gama zaman zaure. Za a shafe shi da man ƙyalli, a huda gindinsa a zura waya, a sa masa ƙwan fitila ya zauna a kusurwar falo. Jiya da yamma leburori suka ji Muhsina ta ɗaga murya tana ce masa, "Wallahi Alhaji, gara in ɗauke shi da in tsaya a huda shi a gabana!" Yau kuma da sassafe an ga ta fito daga gidan da babban kwali, ta sa a keke ta tafi.

Mu mutanen Bolewa ba ma buƙatar abin da ya wuce wannan. Kafin yarinya ta dawo mun gama yanke mata hukunci, hotonta ya zaga wayoyin mata, wasu har sun fara tuno cokulan da suka ɓace musu tun kafin a haife ta. Da ta sauka daga keke jama'a suka yi kanta, sai da mai unguwa ya janye ta cikin zaurensa ya turo ƙofa. Alhaji ya rantse ana idar da la'asar zai miƙa ta ga 'yan sanda. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: mai sana'ar shiga uwar ɗakin mutane, in aka kira ta ɓarauniya sau ɗaya, babu ƙofar da za ta sake buɗe mata a Potiskum.

Mai unguwa ya aika a kira Baba Gana.

*

Baba Gana mai bin sawu ne, a kasuwar shanu ya yi suna. In aka kore wa mutum saniya, shi ke bin kofatonta har inda aka ɗaure ta. Gajere ne, ga saurin fushi, kullum yana rataye da robar ruwa da ya naɗe da tsumman buhu. Yana leƙa tsakar gidan ya ja tsaki.

"Umaru, wane ne ya ba ka shawarar tayil? Ƙasa tana magana, ka zo ka toshe mata baki."

Alhaji ya ce, "Baba, ba sai an wahala ba. Mun san wadda ta ɗauka."

"To me ya sa aka taso ni cikin wannan rana?"

A ƙofar gida kuwa 'yan kallo sun tattake komai. Baba Gana ya kore su da sandarsa, ya tsuguna a gaban gurbin ya daɗe. Moɗar tana rataye a ƙusarta. Faifan ba jefar da shi aka yi ba. Ya miƙe ya bi gefen bango har gindin zogalen da ya tsira daga masu tayil, ya tura yatsa cikin ƙasar ya ji danshi.

"Wa ya ba zogalen nan ruwa?"

Leburori suka ce ba su ba ne.

"A cike tulun ya kwana. Wanda ya ɗauka bai sheƙar da ruwan a zaure ba, ya kawo wa zogale, a hankali ma, ko rami bai yi ba." Ya kaɗe hannunsa. "Ɓarawo mai tarbiyya."

Alhaji ya ce, "Ai mace ce."

Baba Gana ya share gumi. Aka kawo masa ruwan leda daga firjin da ya kwana biyu bai ga wuta ba. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya zuba sauran a hularsa. Bazara ce, irin wadda ko kadangaru ba sa son fitowa.

Ya leƙa falon kafin ya fita. A kan kantar bango an jera kwanukan samira na auren Hajja, masu jajayen furanni, gefensu ya ɗan ci duniya. Ƙasa da su butar tagulla da tasa. Kusa da taga wasu sababbin kwalaben gilashi masu dogon wuya, rana na ratsa su. Kusurwa ɗaya ce babu komai.

*

Muhsina na zaune a kan tabarma a zauren mai unguwa, mayafinta ya yage a kafaɗa. An ajiye mata ruwa da abinci tun safe, ba ta taɓa ba. Wayarta na ta kuka a gefenta, ita ma ba ta kula ta. Baba Gana ya zauna a gabanta.

"'Yata, kin ce gara ki ɗauke shi?"

"Na faɗa, Baba."

"Kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"To me ya kai ki faɗin haka a gidan mutane?"

Ta share ido da bakin mayafi. "Baba, aikina ke nan zaɓar kaya. Gilashi don kallo aka yi shi, ko ina ka sa shi ya zauna. Samirar Hajja ta gama aikinta, gindinta ya fara tsatsa, in an ɗora ta a kan kantar falo an mutunta ta. Amma tulun nan da ransa. Ta jikinsa yake gumi, shi ya sa ruwansa ke sanyi. Ana shafa masa man ƙyalli ya mutu, ko ba a huda shi ba. Na ce wa Alhaji ya bar shi a yashinsa, ni zan nemo abin da zai cike kusurwar. Ya ce ba don musu ya ɗauko ni ba."

"Kwalin da kika fita da shi fa?"

"Shi ne abin da na kawo don kusurwar, wani dogon tangaran fari. Alhaji ya ce ba ya so, na mayar."

"Da kika shigo da safe, tulun yana nan?"

"Ta ƙofar mota na shiga, ban bi ta zaure ba."

"Tangaran ɗin fa, wa kika mayar wa?"

Ta ce a hankali, "Almustapha."

Mai unguwa ya dafe kai. Almustapha shi ne mai sayen tsofaffin kaya yana lodawa Abuja da Kano, kuma babu wanda bai san ya yi ta yi wa Hajja Fanne naci a kan tulun nan ba, har ranar da ta bi shi da muciya. Waɗanda suka kasa kunne a bayan ƙofa suka kwashi sunan suka watsa, hayaniyar waje ta ƙaru.

Baba Gana ya ce, "Kada a bar kowa ya shigo. Ke kuma ki sha ruwa."

Ta girgiza kai. "Ba zai wuce ba, Baba."

*

An kira azahar lokacin da keke ya sauke Baba Gana a shagon Almustapha. Shagon cike yake har rufi: butoci, akusa, ƙorai masu zane, tukwane manya da ƙanana. Almustapha na ganinsa ya miƙe, gumi ya wanke masa fuska.

"Baba, wallahi an bugo mini na ji. Ga kwalin can, ko buɗewa ban yi ba."

Baba Gana ya yanke igiyar da wuƙarsa. Tangaran ne fari sol, da takardar kamfani manne a gindinsa. Bai gamsu ba. Ya bi tukwanen shagon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, yana cusa hanci a bakinsu, har ya zagaya baya ya tarar da wani rami an binne sababbin tuluna cikin toka da dattin awaki.

"Waɗannan fa?"

Almustapha ya sosa ƙeya. "Tsufa suke yi, Baba."

"A rami?"

"Masu saye ne ba sa son sabo. In suka kwana biyu a nan, aka goga musu baƙin tukunya, sai su zama na kakanni. Muhsina kaɗai ce ba na iya yi wa haka, tana juya gindin tulu ta ga bai goge da yashi ba ta ajiye mini abina." Ya matso. "Baba, ni ba waliyyi ba ne, amma ka duba. An ce an bar faifan da moɗar. Da ni ne, su zan fara ɗauka. Tulu da tsohon faifansa da moɗarsa, ai shi mutanen Abuja ke rububi."

Baba Gana ya dube shi sama da ƙasa. Maƙaryaci ne, amma wannan karon gaskiya ya faɗa, kuma abin ya ba tsohon haushi domin ya so a ce shi ne. Almustapha ya miƙo masa ruwan leda mai ɗumi kamar an sauke daga murhu. Ya karɓa ya ajiye.

"Ka zo gidan mai unguwa da la'asar."

*

Inuwa ta fara tsawo. Saura mutum ɗaya da Baba Gana bai ji ta bakinta ba, wadda ta cika tulun jiya. An ce Inna Delu tana kwance ba lafiya, tun safe ƙofarta a rufe, ko jajen tulun ba ta fito ba. Ya yi sallama ya fi sau a ƙirga kafin ta buɗe.

"Gana, kai ne a ranar nan? Shigo."

Tare suka tashi a unguwa, don haka ta shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ya zauna yana haki da gaske, leɓɓansa sun bushe. A tsakar gidan babu komai sai shuɗin durom na roba yana shan rana. Randarta ta fashe tun damina, har Hajiyoyin unguwa suka yi ta tsokanarta ta koma 'yar zamani.

"Delu, yaushe rabonki da tulun?"

"Jiya da yamma na turara shi na cika shi."

"Kin ji abin da Umaru ya ce zai yi da shi?"

"Na ji. Gidansa ne."

"Ba ki yi masa magana ba?"

"Na yi. Ya ce in kwantar da hankalina zai saya mini firji." Ta dubi fuskarsa. "Kai Gana, ji yadda ka galabaita. Bari in kawo maka ruwa."

Ta nufi durom ɗin, ta ɗora hannu a murfinsa, ta janye saboda zafi. Ta tsaya jim. Sannan ta juya ta shige ɗaki ta saki labule. Da ta fito, kwanon shan da ke hannunta ya yi raɓa a jikinsa.

Baba Gana ya kafa kai. A kurɓar farko ya tsaya, ya rufe ido, sannan ya shanye tas. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don da ya san nan sawun zai kawo shi da ya ce wa mai unguwa ba ya gari.

"Alhamdu lillahi. Delu, cika mini robar nan, akwai sauran tafiya."

Ta dubi robar, ta dube shi. Babu matar da aka haifa a garin nan da za ta hana tsoho ruwan hanya. Ta karɓa ta koma ɗakin.

Da ta miƙo masa ya ce, "Yarinyar nan tun safe ba ta sa komai a bakinta ba. Ana idar da la'asar za a tafi da ita."

Inna Delu ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zani. "Allah ya fid da ita."

"Amin. Ki zo gidan mai unguwa. Duk mai shiga gidan Hajja zai zo."

*

Ana sallame la'asar zauren ya cika. Alhaji Umar Faruk na tsaye da makullin mota a hannu. Almustapha ya raɓe a bakin ƙofa. Muhsina na inda take tun safe. Inna Delu ta shigo a ƙarshe, ta ja mayafi har goshi ta zauna a lungu. A waje jama'a sun cika layi, wasu a kan katanga.

Alhaji ya ce, "Baba, lokaci ya yi. Ka ga sawu ko ba ka gani ba?"

"Tayil ɗinka ya cinye. Na buɗe kwalin, tangaran ne. Na birkice shagon Almustapha, babu abin da ya girmi akuyar gidanmu." Ya kwance robarsa, ya karɓi kofi a hannun mai unguwa ya tsiyaya. "Ka sha rana, Umaru. Sha ruwa tukuna."

"Baba, ba ruwa ya kawo ni ba."

"Sha."

Alhaji ya karɓa don a rabu lafiya. Ya kurɓa. Muka ga hannunsa ya tsaya a sama. Ya sake kurɓa, a hankali wannan karon, ya kai kofin hancinsa. Makullin motar ya faɗi ƙasa bai ma sani ba. Ya sulale ya zauna a kan tabarma, babban mutum da furfura a gemu, idanunsa suka kawo ruwa.

"Wannan ruwan Hajja ne," ya ce. "Kajiji da lemun tsami. Baba, a ina ka samo?"

"A gidan da babu tulu, babu firji, babu wuta. Roba ba ta ɗaukar turare, sabon tulu kuma ƙasa yake wari. Wanda ya ɗauka bai zubar da ruwa a banza ba, bai yar da faifai ba. Da ya kai shi gida bai iya barinsa a bushe ba, ya turara shi ya cika shi kamar kullum. Da baƙo ya zo da ƙishi kuma, ya kasa ba shi ruwan zafi." Bai dubi lungu ba. "Ni na gama nawa."

Sai Inna Delu ta yaye mayafinta.

"Ni ce, Umaru. Bayan asuba na naɗa gammo na ɗauke shi a kaina, yana bayan gadona. Uwarka ta sha a cikinsa, ni na sha, da ruwansa aka yi maka wanka kana jariri. Ka ce za ka huda masa gindi ka sa masa lantarki. Ban iya ba."

Alhaji ya kasa ɗaga kai. Baba Gana ne ya juyo kanta.

"Tulun ban ga laifinki ba, Delu, da ni ma zan taya ki. Amma kina kwance kina jin ana kiran 'yar mutane ɓarauniya tun safe. A duk garin nan ita kaɗai ta buɗe baki ta tsaya wa tulunki, ita kika bari aka yaga wa mayafi. Wannan kam kin ba ni kunya."

Tsohuwar ta fashe da kuka. "Tsoro na ji. Na ce in na fito da shi za a huda."

Muhsina ta ɗago, muryarta a dishe. "Inna, da kin faɗa mini. Ai da ni zan riƙe miki ƙofa."

Alhaji ya fara ba da haƙuri, yana cewa a rufe maganar a nan cikin gida. Baba Gana ya buga sanda a ƙasa.

"A cikin gida aka zage ta? A titi aka zage ta, a titi za a wanke ta."

Haka kuwa aka yi. Inna Delu ta koma gida ta naɗa gammo, ta ɗauko tulun a kanta a tsakiyar jama'a, ta biyo ta babban layi ba ta lungu ba, tana tafe tana faɗa da bakinta, "Ni na ɗauka, ba Muhsina ba." Alhaji na biye da ita babu hula. Masu wayoyin da suka yi aiki da safe suka sake ɗagawa, wasu kuma suka sulale gida kamar ba su ne ɗazu a kan katanga ba.

A ƙofar gidan Alhaji ya tsaya ya dubi Muhsina. "Ke ce mai zaɓa. Ina za a sa shi?"

Ta shiga zaure, ta durƙusa ta gyara yashin gurbin da tafin hannunta. Ita da Inna Delu suka sauke tulun, ya zauna daram a inda ya saba. Tsohuwar ta ciro moɗa daga ƙusa, ta ɗebo, ta miƙa mata da hannu biyu.

Muhsina ta daɗe tana kallon moɗar, har muka fara tunanin ba za ta karɓa ba, kuma da ta ƙi babu mai ganin laifinta. Sannan ta karɓa ta yi bismilla, ta shanye, ta miƙa a ƙaro mata.